Sonatocin Beethoven goma na goge da piyano: saitin waɗanne makaɗa za ka ɗauka?

Duk wanda kunnensa ya fara sabawa da kiɗan gogen Turawa da piyano, ko ba jima ko ba daɗe zai tarar da kansa a gaban sonatoci goma, wato dogayen kiɗe-kiɗe masu babi-babi, da Ludwig van Beethoven ya rubuta wa kayan kiɗan nan biyu. Da su ake auna makaɗan wannan fanni, shi ya sa manyan masu goge da yawa suka nemi abokin piyano suka naɗe su daga ta ɗaya har ta goma. Nan ruɗanin yake. Ka rubuta sunan a Spotify ko YouTube, sai saiti, wato naɗin goman duka, ya yi ta zubowa, kowanne kusan awa huɗu, kowanne da masu rantsuwa cewa babu kamarsa. Ba mai lokacin sauraren duka, kuma wanda ka fara da shi yakan zauna maka a kunne har ya zama ma'aunin sauran. Na ware saiti bakwai da aka fi ambata, daga na 1956 zuwa na 2010, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe tun farko

Beethoven makaɗin piyano ne kafin komai. An haife shi a Bon ta ƙasar Jamus a 1770, ya koma Biyana a 1792, kuma da yatsunsa a kan piyano ya fara yin suna a can. Sonatoci uku na farko, masu lamba Op. 12 a jerin ayyukansa, waɗanda ya sadaukar wa malaminsa Antonio Salieri, a bangon littafinsu piyano aka fara ambata, goge ya biyo baya. Tara daga cikin goman ya rubuta su ne tsakanin 1797 da 1803, shekarun da kurumta ta fara kama shi, ta goma kuwa sai a 1812.

A kiɗanmu an saba da mawaƙi a gaba, 'yan amshi a baya. Wanda ya shigo da wannan tunanin zai ɗauka mai goge ne mawaƙin, mai piyano kuma ɗan amshi. Ba haka Beethoven ya tsara ba. Mutum biyu ne masu matsayi ɗaya suke zance, wannan ya faɗa wancan ya karɓa, wani lokaci su yi gardama. Saboda haka kuskuren da aka fi yi wajen zaɓe shi ne a bi sunan mai goge kawai. Ka duba wanda ke zaune a piyano da irin idon da ka duba na tsaye.

Ma'aunan da na bi

Na farko shi ne daidaito: shin ana jin su biyun, ko ɗaya ya danne ɗaya? Wannan ya danganta da halin makaɗan, ya kuma danganta da inda injiniya ya kafa makirfo.

Na biyu tsabtar sauti. Tsohon naɗi yana da 'yar ƙara a bayansa, wani ma mono ne, wato sautin ta hanya ɗaya yake fitowa, babu hagu babu dama. Sabon naɗi kuma yana da tasa matsalar: inda aka yi ƙasa-ƙasa yana yin ƙasa sosai, ta yadda idan janareta na aiki a maƙwabta ko kana ji ta sifikar waya, rabin kiɗan ya tafi.

Na uku ƙarko. Faifai ba ya tsufa da wuri, amma salo yana gundura. Akwai makaɗin da zai burge ka a jin farko da wata dabara, a ji na ashirin kuma dabarar ce za ta ishe ka, domin ka san daidai inda za ta zo.

Sai sauƙin shiga ga sabon kunne, sai kuɗi, sai haɗari, wato yadda za ka iya yin da-na-sani.

Maganar kuɗi gajera ce, bari in gama da ita a nan. Idan ta manhaja kake ji, kamar Spotify da ta shigo Najeriya a 2021 ko Apple Music, kuɗin wata iri ɗaya ne ko da wane saiti ka ɗauka. Abin da zai ci maka shi ne data: a kan inganci na 320 kbps, awa ɗaya na cin kusan MB 144, ke nan saiti guda ya tasam ma MB 600. Ka sauke shi sau ɗaya ka huta. Bambancin farashi yana fitowa ne idan za ka sayi faifan CD ko ka sayi sautin ka mallaka daga kanti irin su Presto Music. A can tsofaffin saiti, da aka sha sake fitarwa a akwati mai rahusa, sun fi araha, sababbi kuma sun fi tsada. YouTube kyauta ne, sai dai talla na iya faɗo maka a tsakiyar babi mai sanyi, kuma abin da wani ya ɗora yau gobe ana iya sauke shi.

Wurare uku na gwaji

Ba sai ka saurari awa huɗu kafin ka gane halin saiti ba. Minti biyu-biyu a wurare uku sun isa.

Farkon sonata ta 5, wadda ake kira Spring, lakabin da ba Beethoven ne ya sa mata ba. Goge ne ke fara rera karin, piyano na rakiya, sai su yi musaya: piyano ya ɗauki karin, goge ya koma rakiya. Ka saurara ko mai gogen ya yarda ya koma baya. A babi na uku na wannan sonata, wanda bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba, goge yana biyo piyano a makare da gangan, kamar ya ɓata lissafi. Raha ce, kuma za ka ji waɗanda suka gane rahar.

Farkon sonata ta 9, Kreutzer. Goge kaɗai ke buɗewa, yana haɗa tsirkiya biyu zuwa huɗu a jan izga ɗaya, sannan piyano ya amsa, sannan a ɓarke da gudu. Wannan sonata tana da labari. An fara kaɗa ta a Biyana ranar 24 ga Mayu 1803, Beethoven da kansa a piyano, mai gogen kuma George Bridgetower, wanda aka haifa a Poland, mahaifinsa baƙar fata ne. Daga baya suka ɓata, an ce a kan wata mace, sai Beethoven ya cire sunansa ya sa na Rodolphe Kreutzer na Faransa, mutumin da bai taɓa kaɗa ta a bainar jama'a ba. Tana kai kusan minti arba'in, kuma ita ce mai fasa ƙwai: wanda ba shi da ƙarfi a nan ake gane shi.

Farkon sonata ta 10, Op. 96. Goge ya yi wata 'yar karkarwar sauti shi kaɗai, piyano ya maimaita. Babu hayaniya, babu inda za a ɓuya. An rubuta ta ne da tunanin mai goge Pierre Rode, wanda a lokacin hannunsa ya fara sanyi, aka fara kaɗa ta a Disamba 1812 tare da Yarima Rudolph, ɗalibin Beethoven, a piyano. Masu iya Kreutzer da yawa a nan suke faɗuwa.

Arthur Grumiaux da Clara Haskil, 1956 zuwa 1957

Idan daidaito kaɗai za a duba, an gama magana. Grumiaux ɗan Beljiyam ne, an haife shi a 1921, Haskil kuma 'yar Romaniya, ta girme shi da shekara 26. Abin da ya bambanta su shi ne kowanne ya san kayan kiɗan ɗan'uwansa. Grumiaux ya iya piyano har ya taɓa naɗar sonatar Mozart da ta Brahms shi kaɗai, ya kaɗa piyano sannan ya ɗora goge a kai. Haskil kuma ta koyi goge tun tana ƙarama. Ana jin wannan a musayar farkon Spring: da zarar piyano ya karɓi karin, Grumiaux yana janyewa ba tare da wani nuna kai ba.

Salonsu mai sauƙi ne, ba jan rai, ba ado. Shi ya sa ƙarkonsa ya fi na kowa a wannan jeri. Babu wata dabara da za ta gundure ka domin ba su sa dabara ba. Sonata ta 10 a hannunsu ita ce na fi komawa gare ta. A Kreutzer kuwa wasu za su ga wutar ba ta kai ba, kuma suna da hujja.

Kamfanin Philips ya naɗa, mono ne. Piyanon yana da ɗan dushewa, akwai kuma 'yar ƙarar tsohon tef. Haɗarin da ya fi wannan shi ne na bugu. Naɗin ya tsufa har haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Turai, don haka ƙananan kamfanoni barkatai suna fitar da shi, wasu da sauti mara kyau. Ka nemi mai tambarin Philips ko Decca, wanda kayan Philips suka koma hannunsa. Kuɗinsa kaɗan ne.

Haskil ta rasu a Disamba 1960 bayan ta faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa a Brasels, inda ta je don su yi kiɗa da Grumiaux. Shekara uku ke nan bayan kammala wannan aiki.

David Oistrakh da Lev Oborin, 1962

Nan kuma akasin haka ne, goge ne sarki. Oistrakh, haifaffen Odesa a 1908, yana da sauti mai kauri da ɗumi wanda da wuya ka ji irinsa, kuma babi masu sanyi a hannunsa kamar ba za su ƙare ba don daɗi. Oborin ba ƙaramin makaɗi ba ne, shi ya ci gasar Chopin ta farko a Warso a 1927. Amma a wannan naɗi da aka yi a Faris ya zaɓi ya ba abokinsa hanya, makirfo ma ya fi karkata wajen goge. Tafiyarsu a natse take, wani wuri har da nauyin ƙafa, rahar sonatocin farko kuma ba ta fita sosai.

Sitiriyo ne, sautin ya fi na Haskil buɗewa. Yana da araha, yana da sauƙin so. Haɗarinsa shi ne zai koya maka jin kiɗan ta gefe ɗaya, ka tashi kana ɗauka cewa sonatocin na goge ne piyano ya zo rakiya.

Itzhak Perlman da Vladimir Ashkenazy, 1973 zuwa 1975

Wannan shi ne saitin da aka daɗe ana miƙa wa sabon shiga, kuma ban ga dalilin canzawa ba. Perlman an haife shi a Tel Abib a 1945, shan inna ya kama shi yana ɗan shekara huɗu, shi ya sa a zaune yake kaɗa goge. Ashkenazy ɗan Rasha ne, ya raba lambar farko ta gasar Tchaikovsky ta 1962 da John Ogdon na Ingila, daga baya ya bar Tarayyar Sobiyet. Lokacin wannan aiki dukansu matasa ne, Perlman bai wuce talatin ba, kuma kowanne tauraro ne da ke cika zaure shi kaɗai. Don haka babu mai rusuna wa wani.

Decca ta naɗa a Landan, a zamanin da injiniyoyinta ke kan ganiyarsu. Sautin cike yake, mai ɗumi, kayan kiɗan biyu suna kusa da kunne. Wannan yana da amfani na zahiri: ko a mota, ko da ƙaramar sifika, ko da hayaniya a waje, ba ka rasa komai. Saitin ya ci lambar Grammy.

Spring ɗinsu tana murmushi daga farko har ƙarshe. Kreutzer ɗinsu tana da ƙarfi da faɗi, piyanon Ashkenazy yana tsaye daram. Inda zan soke su shi ne Perlman ba ya iya fitar da sauti mara daɗi. Yatsansa yana karkarwa a kan tsirkiya kusan a kowane sauti, komai ya fito da zaƙi, alhali akwai wuraren da Beethoven ke son kaushi, musamman a sonata ta 4 da ta 7. Ta 7 ɗin, a 1802 aka kammala ta, shekarar da ya rubuta wa 'yan'uwansa wasiƙar nan ta Heiligenstadt yana kukan kurumtarsa. Piyano ne ke buɗe ta shi kaɗai cikin raɗa, kamar mai shirin faɗin mugun labari. A hannun waɗannan biyu labarin bai cika muni ba. Bayan shekaru kana iya jin zaƙin ya yi yawa. Amma haɗarin da-na-sani a nan shi ne mafi ƙanƙanta, kuɗin kuma matsakaici ne zuwa ƙasa, tunda an sha sake fitar da shi.

Gidon Kremer da Martha Argerich, 1984 zuwa 1994

Shekara goma suka ɗauka suna naɗa wa Deutsche Grammophon, kashi-kashi. Kremer, haifaffen Riga ta Latbiya a 1947, ɗalibin Oistrakh ne a Mosko, sai dai da wuya ka sami ɗalibin da ya yi nisa da sautin malaminsa kamarsa. Nasa siriri ne, mai kaifi, wani lokaci har da ƙaiƙayi, kuma da gangan yake yi. Argerich 'yar Ajantina ce, ta ci gasar Chopin a 1965, kuma tun shekarun 1980 ta rage fitowa ita kaɗai, ta fi son kiɗa da abokai. A wannan saiti ba ta jiran kowa. Sau da yawa ita ke jan ragama, Kremer na kai mata farmaki daga gefe.

Idan kana son ka ji abin da nake nufi da gardama tsakanin mutum biyu, saurari babin farko na Kreutzer ɗinsu. Ban san wani naɗi na sutudiyo da ya kai shi tashin hankali ba. Sonata ta 4 da ta 7 ma nasu ne. Har sonatocin Op. 12, da wasu ke kaɗawa kamar aikin ɗalibi mai ladabi, su sun fito da tsiwar da ke ciki. Ai wani mai sharhi a jaridar kiɗa ta Laifzig a 1799 ya koka cewa sonatocin nan uku wahala ce zalla, ilimi ya yi musu yawa, babu sauƙin hali. Da Kremer da Argerich za ka gane abin da ya firgita shi.

Daidaito: cikakke, amma na masu kokawa. Sauti: na dijital, mai tsabta, ɗan bushe. Sauƙin shiga: kaɗan. Wanda ya zo neman abin da zai kwantar masa da hankali bayan aiki zai kashe shi kafin minti goma. Ƙarko kuwa ya rabu biyu: wanda ya kamu, ya kamu har abada, wanda sautin Kremer bai yi masa ba tun farko, ba zai taɓa yi masa ba. Lallai ka gwada kafin ka biya.

Anne-Sophie Mutter da Lambert Orkis, 1998

Mutter Bajamushiya ce da shahararren jagoran makaɗa Herbert von Karajan ya gano tana 'yar shekara 13, Orkis kuma Ba'amurke da suke kiɗa tare tun 1988. Sun ware shekarar 1998 suna zagaya duniya da sonatocin nan goma, aka naɗe su a gaban jama'a, aka kuma ɗauki bidiyonsu a Faris. Shi ma ya ci Grammy.

Shi ne saitin da ya fi raba kan masu sauraro. Mutter tana jan lokaci ta sake shi yadda ta ga dama, ta tsaya inda ba a zata ba, ta cire karkarwar yatsa gaba ɗaya har sautin ya koma fari fat, sannan ta dawo da ita ninki biyu. Gwaninta ba a magana. Amma matsalar ƙarko da na ambata a sama, nan ta fi fitowa. Abin da ya sa zaure ya yi tsit a daren da aka kaɗa shi, a ji na goma sai ya zama kamar ana ja maka layi a ƙarƙashin kowace kalma. Ban ba sabon shiga shawarar farawa da shi ba. Bidiyon ya fi sautin amfani, musamman ga mai koyon goge da ke son ganin yadda take sarrafa izga.

Isabelle Faust da Alexander Melnikov, 2009

Kamfanin Harmonia Mundi ya fitar, ya kuma ci lambar mujallar Gramophone a 2010. Faust Bajamushiya ce, an haife ta a 1972, tana kaɗa gogen da shahararren maƙerin goge na Italiya, Stradivari, ya ƙera a 1704. Melnikov ɗan Mosko ne, mai sha'awar tsofaffin piyanoni har yana tara su, ko da yake a nan na zamani ya kaɗa. Kafin su shiga sutudiyo sun koma kan rubuce-rubucen Beethoven na asali da bugun farko, suna duba abin da ya rubuta da abin da editoci suka ƙara daga baya.

Sakamakon ba bushasshen aikin malamai ba ne. Faust tana amfani da karkarwar yatsa kamar gishiri, inda ake buƙata kawai, don haka idan ta zo tana da ma'ana. Melnikov yana sassauta hannu, ba ya barin babban piyanon zamani ya haɗiye goge, abin da piyanon zamanin Beethoven, mai ƙaramar murya, ba ya yi. Duk inda aka rubuta a daki sauti ba zato, suna dukansa. Duk inda aka rubuta a yi ƙasa, suna yin ƙasa har ka matso. Suna da kaifin Kremer ba tare da ƙaiƙayinsa ba, suna da sauraron juna irin na Haskil da Grumiaux amma da sautin zamani. A wurare ukun gwaji da na lissafa, su kaɗai ne ban sami inda suka gaza ba.

Abin lura biyu ne. Ya fi tsofaffin tsada idan saye za ka yi. Sannan yana buƙatar wuri shiru ko abin ji na kunne mai kyau. A sifikar waya za ka yi ta ƙara murya kana ragewa. Wanda ya saba da kaurin Oistrakh kuma zai ga sautin Faust ya yi rama a makon farko.

Alina Ibragimova da Cédric Tiberghien, 2009 zuwa 2010

Wannan na masu son jin zaure ne. An naɗe shi a zama uku a Wigmore Hall ta Landan, ɗakin da aka buɗe a 1901, mai ɗaukar mutum kusan 550, wanda aka sani da dacewa da irin wannan kiɗa na mutum biyu zuwa huɗu. Ibragimova 'yar Rasha ce da ta girma a Ingila, lokacin ba ta wuce shekara 25 ba, Tiberghien Bafaranshe, sun haɗu a shirin BBC na tallafa wa matasan makaɗa. Salonsu yana kusa da na Faust da Melnikov, sai dai da ƙarin kasada irin ta wanda ya san ba za a tsaya a sake ba. Akwai tafi, akwai motsin jama'a. Faifai uku ne da aka fitar daban-daban, don haka kana iya ɗaukar ɗaya ka gwada, amma haɗa ukun a CD ya fi sauran wahalar samu.

A taƙaice cikin jadawali

| Makaɗa | Daidaito | Sauti | Ƙarko | Sauƙi ga sabo | Kuɗin saye | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Grumiaux da Haskil | Cikakke | Mono, tsoho | Mafi yawa | Matsakaici | Kaɗan | Bugu mara kyau |
| Oistrakh da Oborin | Goge ya rinjaya | Sitiriyo, tsoho | Mai kyau | Sosai | Kaɗan | Piyano a baya |
| Perlman da Ashkenazy | Mai kyau | Cike, mai ɗumi | Mai kyau | Mafi yawa | Matsakaici | Zaƙi ya yi yawa |
| Kremer da Argerich | Cikakke | Mai tsabta, ɗan bushe | Ya danganta da kunne | Kaɗan | Matsakaici | Sautin goge mai kaifi |
| Mutter da Orkis | Goge ya rinjaya | Mai kyau | Kaɗan | Kaɗan | Matsakaici | Salo mai gundura |
| Faust da Melnikov | Cikakke | Mafi tsabta | Sosai | Matsakaici | Ya fi tsada | Yana son wuri shiru |
| Ibragimova da Tiberghien | Cikakke | Na zaure, da tafi | Mai kyau | Matsakaici | Ya fi tsada | Wahalar samun CD |

Wanne ya dace da wa

Idan yau ka fara, kuma yawancin jinka a mota ne ko ta waya, ɗauki Perlman da Ashkenazy. Fara da sonata ta 5, sai ta 8, sai ta 9. Ka bar ta 10 sai kunnenka ya zauna.

Idan saiti ɗaya tak za ka saya ka riƙe shekaru, kana kuma da abin ji mai kyau, Faust da Melnikov. Ƙarin kuɗin ya cancanta.

Mai koyon piyano, ko wanda ke raka wani mai goge, ya nemi Haskil. Zai koyi yadda ake jagora ba tare da ɗaga murya ba. Ya ƙara da Argerich don ya ga ɗaya hanyar. Mai koyon goge ya saurari Oistrakh don sauti, ya kalli bidiyon Mutter don hannu, amma kada ya kwaikwayi yadda take jan lokaci a gaban malaminsa.

Wanda ya riga ya mallaki ɗaya daga cikin masu zaƙi, Perlman ko Oistrakh, yana neman na biyu, kada ya sayi mai kama da shi. Kremer da Argerich ne za su nuna masa cewa bai gama sanin sonatocin ba.

Mai son ya ji kamar yana zaune a cikin jama'a, ko mai shirin halartar irin wannan zama wata rana yana son sanin yadda yake gudana, Ibragimova da Tiberghien. Wigmore Hall ma tana watsa wasu zamanta kai tsaye a intanet.

Mai ƙarancin data kuma ba dole ya sauke saiti guda cikakke ba. Tunda manhaja ta ba da dama, ya haɗa nasa: ta 5 daga Perlman da Ashkenazy, ta 7 daga Faust da Melnikov, ta 9 daga Kremer da Argerich, ta 10 daga Grumiaux da Haskil. Huɗun nan duka awa biyu ne ko ƙasa da haka kaɗan, wajen MB 300 a kan inganci na 320 kbps, rabin haka idan ya sauke a kan 160 kbps.